Furun ɗin Hajiya Sa'adiyya

Wata huɗu na farko da na yi a Makka ban san komai nata ba sai Harami da wani ɗaki a Jarwal. Ɗakin yana hawa na uku a wani tsohon gida da ake sauke alhazai, in sun tafi sai a zuba irinmu. Mu tara ne a ciki. Mutumin da ya yi mini hanya tun daga Kano ya ce aikin otal ke jirana, wai zan riƙa tura kayan baƙi ina sanye da riga mai maɓallai. Da na iso babu otal, babu riga. Kamfanin da sunansa ke kan takardata wani ofis ne mai tebur ɗaya, shi ma kullum a rufe. Na yi ta kiran wayar mutumin har ta daina shiga.

Shekarata arba'in da biyar a lokacin. Na bar mata da 'ya'ya biyar, na bar gona a hannun ƙanena. Ban iya karatun boko ba, Larabci kuwa iyakata surorin salla. Wannan rubutun ma sai bayan na dawo gida na shiga ajin yaƙi da jahilci na koye shi.

Yunwa ta taɓa ni a Jarwal, amma kewar gida ta fi ta ciwo. In na leƙa taga, duwatsu ne baƙaƙe da dogayen otal, ba ko bishiyar da mutum zai ce wannan irin ta garinmu ce. In na ji Hausa a titi sai na waiwaya da sauri, sai in ga saurayi ne mai kama da babban ɗana, ya faɗi kalma biyu ya koma Larabci. A bakin lungunmu akwai wata tsohuwa, Goggo Halime, Bahaushiyar Cadi, tana sayar da kunun gyaɗa da ƙosai. Ta lura kullum nakan wuce ta gabanta a hankali ba na saye. Wata safiya ta kira ni ta ce bayanta na ciwo, in zo in wanke mata tukwane. Da na gama ta miƙo mini kunu a kofi da ƙosai a takarda, ta ce ladan aikina ne. Bayanta lafiya lau yake, na gane haka daga baya. Ita ce ta tambaye ni garinmu, da na faɗa ta ce ai akwai mutuminmu a unguwar Hindawiyya, mai gyaran murhun gas, Alhaji Isiyaku.

Na san shi. Unguwarmu ɗaya, ya girme ni da shekara shida ko bakwai, ya bar gida tun ina saurayi. Ranar da na same shi a shagonsa, ya ajiye abin da ke hannunsa ya rungume ni, ya yi ta tambayar mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa. Ya ce ɗan garinsu ba zai kwana a Jarwal yana raye ba. Ya ba ni shimfiɗa a ɗakin bayan shago, inda wasu 'yan ƙasarmu uku ke kwana, ya ce in ci daga kwanonsa. Tun daga ranar nake ce masa Yaya.

Gaskiya ba zan rage masa ba, shi ya koya mini sana'a. Yakan kunna murhu ya durƙusar da ni a gabansa ya ce in kalli wutar. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, gajera, a tsaye take ba ta rawa. In ta yi ja ko rawaya, to gas take ci a banza, tana zuba baƙi a gindin tukunya, tana kuma fitar da wani hayaƙi da ido ba ya gani amma yana kama kai. Ya koya mini ba da hanci ake neman yoyo ba, balle da ashana. Kumfar sabulu ake shafa wa tiyo da mahaɗarsa, inda ya yi ƙwai nan ne. Ya koya mini tsefe ƙofofin kan murhu da allura, ɗaya bayan ɗaya, a fitar da maiƙo da tsatsa. In na yi gaggawa sai ya ce hannuna na garma ne, a nan ba huɗa ake yi ba.

Abu ɗaya ne ya fi nanata mini. A cikin kowane murhu akwai wani ɗan jan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa, mai 'yar huda da ƙyar ake ganinta, ta nan gas ke fitowa. A can suna ce masa fonya. Yaya ya ce ita wannan ba a kai mata allura, hura ta ake yi kawai, domin an auna hudar tun daga inda aka ƙera ta. Wanda ya faɗaɗa ta ya kashe murhu. Ya faɗa mini haka ya fi sau ashirin.

Na kusa shekara a Hindawiyya ina bin sa gida gida da jakar kayan aiki. Takardata har yanzu ta wancan kamfanin ce, ta kuma mutu ba wanda ya sabunta ta, saboda haka in na hango motar 'yan sanda sai in shige lungu. Mutum da furfura a gemu yana laɓewa bayan shara kamar ɓarawo. Na tambayi Yaya yadda za a yi, ya ce in yi haƙuri, yana magana da mutane.

Wata rana ya aike ni unguwar Rusaifa ni kaɗai. Ya ce akwai wata tsohuwa mai taurin kai da wata tsohuwar tanda da ta fi ta taurin kai, shekara nawa yana gaya mata ta jefar ta sayi sabuwa ta ƙi, shi dai ya gaji, in je in yi abin da zan iya.

Hajiya Sa'adiyya haifaffiyar Makka ce. Kakanta ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Katsina. Ta haura saba'in, mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta Usama da iyalinsa a gida mai hawa biyu. Hausarta irin ta mutanen da ce, kalmomin da na daina ji tun rasuwar kakata, sai ta haɗa su da Larabci ta ci gaba abinta. Tandar kuwa, wadda suke ce wa furun, ta ƙarfe ce, ta kai ƙirjina tsawo, a wani ɗaki na ƙasa mai taga ɗaya. Mijinta ya sa aka ƙera mata ita suna sabon aure. A cikinta take gasa gurasa da kayan biki na rabin unguwa, in azumi ya zo kuma ba ta hutawa.

Kwana biyu na yi a kanta. Na kwance bututun wutar guda uku na jiƙa su, na tsefe ƙofofinsu, na kankare maiƙon da ya daskare ya zama kamar kwalta. Na tarar da sheƙar tattabara a bututun hayaƙi, na fitar. Na sake tiyo, na gyara 'yar ƙofar da iska ke shiga ta haɗu da gas, ina matsawa kaɗan kaɗan har wutar ta kwanta shuɗiya daga wannan gefe zuwa wancan. Hajiya ta sunkuya ta leƙa ta ce, "Malam Haruna, wannan wuta ce ko idon mage?" Ita da itace da gawayi ta tashi, a wurinta wutar da ba ta huci ba ta tashi sama, ba wuta ba ce. Na ce ta gwada gurasa ɗaya tukuna. Gurasar ta fito ba ƙuna a gindi ba ɗanye a tsakiya. Ba ta yaba ba, ta dai ce in dawo ranar Alhamis.

Haka na riƙa zuwa kowace Alhamis. Tukunyar gas da a da ba ta kaiwa mako, ta koma tana kusan ninka haka. Tanda ta daina lalacewa, aka daina kiran shago. Bayan wata uku Hajiya ta tambaye ni abin da ya sa nake waige waige in na fita ƙofa. Na gaya mata. Ta ce za ta yi magana da Usama. Usama ma'aikaci ne, mutum mai tsare gida, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da ɗan abin da ba a rasa ba. Ya yi ta zirga-zirga har aka mayar da ni ƙarƙashinsa, ya zama kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, na sami iƙama, takardar zama, mai rai. Suka ba ni ɗaki kusa da ƙofar gida. Aikina tsaron ƙofa, cefane, da furun. Ranar da na fara tafiya Harami ta babban titi, kaina a sama, sai da na yi hawaye. Zamana a Makka gaba ɗaya a hannun gidan nan ya koma. In suka ce na tafi, na tafi ke nan.

Da na je na gaya wa Yaya, ya yi dariya ya ce ashe na zama ɗan gida, Allah ya sanya alheri. Ban daina zuwa gaishe shi ba, kowace Juma'a bayan masallaci, da gurasar Hajiya a leda. Na dai lura ya daina tambayata labarin gida, kuma in na shigo sai ya ce wa mutanen shago ga injiniyan Rusaifa ya iso. Na ɗauka wasa ne irin nasa.

Shekara guda da rabi na yi a gidan nan cikin rufin asiri. Ina share furun, ina shafa kumfa, ina hawa rufi in duba bututu. Hajiya takan zauna a kujera tana kallona ina tsefe ƙofofi da allura, tana ba ni labarin Makka ta da, lokacin da ake sayen ruwa a hannun masu salka. Wani lokacin ta ce ni da furun ɗin nan kamar miji da amarya. Har yanzu dai ba ta daina ƙorafin ƙanƙantar wuta ba.

A watan Sha'aban ta haɗu da Yaya a wani ɗaurin aure. Ban san yadda maganar ta tashi ba, ta dai gaya masa azumi ya matso, aiki zai yi yawa, wutar kuma ba ta da ƙarfi. Ya ce mata ai almajirin sana'a ba ya kai malaminsa, zai zo da kansa. Ya zo wata Talata da hantsi. Hajiya ta gaisa da shi ta hau sama, aka bar mu mu biyu. Ya kwance fonya ukun da ke bututun wutar, ya ciro wani siririn abin huda daga aljihunsa, ya kama ta farko da filaya.

Na ce masa a hankali, "Yaya, ai ka ce ba a taɓa ta."

Bai ɗago ba ya ce, "Mai kaya wuta take so. Riƙe mini fitila."

Na riƙe masa fitila. Wannan shi ne abin da na yi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ya huda ukun duka a gabana, ya mayar, ya kunna. Wuta ta tashi tana huci, gindinta shuɗi, bakinta rawaya, tana lasar ƙarfen sama. Hajiya ta sauko ta gani, fuskarta ta washe, ta ce yau ga wuta irin ta mutane. Yaya ya ce mata sababbin fonya ya sa. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Malam Haruna, ka gani ko? Ya yi?"

Yaya na tsaye yana goge hannu da tsumma, yana kallona. A garinmu mutumin da ya sauke ka, ya ba ka shimfiɗa, ka ci a kwanonsa, ya kuma ɗora maka sana'a a hannu, ba ka ƙaryata shi a gaban mutane. Ko wanka ba ka ƙaryatawa, balle shi. Haka aka rene mu, kuma ban tsaya na yi tunani ba ma, bakina ne ya amsa da kansa. Na ce, "Ya yi, Hajiya. Hannun Yaya ne ai."

Ranar Juma'a na same shi a shago bayan mutane sun watse, na roƙe shi ya samo wasu fonya a mayar kafin azumi. Ya ce irin na tandar nan an daina yin su. Ya ce in bar tandar ta yi azuminta na ƙarshe, in ƙarfen ya lanƙwashe Hajiya da kanta za ta nemi sabuwa, shi kuma ga su nan jere a shago. Ya ce abin da ba ya lalacewa ba ya ciyar da mai gyara, in ban sani ba in sani. Na fito daga shagon. Na zaga shagunan kayan gas guda huɗu da kaina. Kowa sai ya ce mece ce lambarta, domin akwai lamba a jikin kowace fonya, ni kuwa ko na gan ta zane ne kawai a wurina. Ɗaya ya ce in kawo ta ya gani. Na kai masa da safe kafin Hajiya ta fara aiki, ya juya ta ya ce wannan an lalata ta, kuma ba shi da irinta.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In hau sama in ce Hajiya, ga abin da aka yi. Sau uku ina isa bakin matakala ina dawowa. Ta yaya zan ce mata mutumin da na yaba a gabanta maƙaryaci ne, ni ma kuma na taya shi? Sai na zaɓi in yi ta fama da furun ɗin ni kaɗai. Na buɗe ƙofar iska har ƙarshe, bai isa ba. Na koma share shi kullum maimakon mako mako, baƙi na dawowa kafin la'asar. Na riƙa buɗe tagar ɗakin, Hajiya na rufewa, ta ce sanyin na'ura na fita, zafin waje na shigowa, ko so nake ta narke tana azumi. Na ce mata wutar nan tana son iska. Ta ce shekara hamsin tana gashi a ɗakin nan ban zo ba.

Azumi ya kama. Gas ya koma ƙarewa kamar ana zubarwa. Farantin ƙarfen ƙasa ya fara bankarewa, gurasa na ƙonewa ta gefe ɗaya. Hajiya ta fara kukan ciwon kai, kowa ya ce azumi ne da tsufa. Ni na san ba azumi ba ne. Na ce a raina in aka yi salla zan gaya mata komai.

Ran sha tara ga wata, bayan azahar, na dawo daga cefane na tarar da ƙofar ɗakin furun a rufe, taga a rufe. Na yi sallama ba amsa. Na tura. Hajiya na kwance a ƙasa gefen kujerarta, faranti ya kife, iskar ɗakin ta yi nauyi. Na kashe gas daga kan tukunya, na buɗe ko'ina, na kira matar Usama muka fito da ita tsakar gida. Kwana uku ta yi a asibiti. Likita ya gaya wa Usama hayaƙin gas ne, da an ƙara ɗan lokaci da sai dai wani labarin.

Usama ya kawo wani mai gyara daga wani wuri, ya kwance furun ya nuna masa fonya ukun, ya ce an huda su. Ranar da aka sallamo Hajiya, Usama ya sa aka kira Yaya. Muka zauna a falon ƙasa bayan la'asar. Hajiya na kishingiɗe a kan doguwar kujera an rufa mata mayafi, ta rame cikin kwana ukun nan kamar ta yi wata tana jinya.

Da Larabci aka fara, Yaya kuwa Larabci a bakinsa kamar ruwa. Ni ina tsintar kalma ɗaya in rasa uku. Amma na ji sunana, na ji allura, na ga ya ɗaga yatsu biyu yana kwatanta yadda ake soka ta. Sai ya juya wa Hajiya da Hausa, murya a sanyaye, ya ce shi sababbi ya sa, kuma ita shaida ce wuta ta yi kyau ranar. Ya ce laifinsa ɗaya, da ya bar tanda a hannun wanda bai san lamba ba, bai san inda allura ke shiga da inda ba ta shiga ba. Ya ce Haruna ba mugu ba ne, rashin sani ne, a yi masa afuwa. Ya tambaye ta ko ba ta saba ganina da allura ba. Ta ce kullum.

Usama ya dube ni ya ce da 'yar Hausarsa, "Kai, gaskiya?"

A nan ne na yi magana, wata guda bayan lokacinta. Na ce, "Hajiya, wallahi a gabana ya huda su. Ni na riƙe masa fitila. Ban taɓa kai allura wurin nan ba, shi ya hana ni da bakinsa."

Yaya ya girgiza kai ya yi salati, ya ce wa Usama wani abu da Larabci, na ji kalmar tsoro a ciki. Hajiya ta juyo gare ni. Ta ce ranar nan ta tambaye ni, ni na ce ya yi. Na ce haka ne. Ta ce me ya sa. Na ce shi ya sauke ni, na ci abincinsa, ban iya kunyata shi a gabanta ba.

Ta ce, "Nawa abincin fa, Malam Haruna? Ba ka ci ba?"



Ta ƙara da cewa, "Wata guda ina cewa kaina, kaina, kana tsaye kana ji. Ko kai ka huda, ko shi ya huda ka rufa masa, ni dai ni na faɗi a ƙasa." Ta ja mayafinta ta juya fuska bango.

Usama bai yi mini tsawa ba, bai kai ni ko'ina ba. Washegari ya same ni a ɗakina ya ce shi bai san wanda zai gaskata ba, kuma ba ya bukatar sani, ba zai iya barin uwarsa da ni a gida ɗaya ba. Na roƙe shi ya bar ni in nemi wani kafilin. Ya ce in wani ya tambaye shi dalilin rabuwarmu ba zai yi ƙarya ba, gara in koma gida da mutuncina. Ya yi mini takardar fita wadda ba dawowa. Ya bar ni na yi salla a Makka, wannan alheri ne, na kuma gode masa. Kwana biyu bayan salla na ga an fito da furun ɗin an jingine shi a bakin titi wurin shara, ƙofarsa a buɗe. Da yamma motar shagon Yaya ta kawo sabo a kwali. Ni na buɗe musu ƙofar gida.

Hajiya ba ta sake kirana ba. Ranar da zan bar gidan ta aiko matar Usama da ledar gurasa da turmin yadi, ta ce in kai wa iyalina. Na nemi in hau in yi mata sallama, aka ce tana barci.

Sauran kayana suna Hindawiyya, kuma daga can motar Jidda ke tashi, dole na bi ta shagon. Na so in ɗauka in fita ba wanda ya gan ni, sai na tarar an taru. Mutanen ɗakinmu na da, da wasu 'yan ƙasarmu masu tasi, sun kai goma, an shimfiɗa darduma an kawo shayi, kamar yadda ake yi wa duk wanda zai koma gida. Abin da suka sani shi ne tsautsayi ya faɗa mini a wurin aiki. Kowa ya kawo ɗan saƙonsa, wannan dabino, wancan carbi da turare, a kai wa wance a kai wa wane. Yaya ya fito da nasa ƙunshin, ya fi na kowa girma, ya ce na tsohuwarsa ne, in miƙa mata hannu da hannu. Na karɓa na sa a jaka. Tsohuwar ba ta yi mini komai ba.

Aka yi addu'a aka shafa. Sai Yaya ya miƙe ya kama hannuna da hannayensa biyu a gaban jama'a. Ya ce zaman tare ba ya rasa saɓani, tafiya kuma ba a san ko za a sake haɗuwa ba. Ya ce, "Haruna, duk abin da ka yi mini, da wanda ka faɗa a kaina a gidan mutane, na yafe maka duniya da lahira."

Mutane suka ce madalla, suka ce Alhaji ya yi halin manya. Suka juyo suna jiran nawa, domin kowa ya san abin da ake mayarwa, wato ni ma na yafe maka. Hannunsa na da ɗumi, yana murmushi. Wani dattijo mai tasi ya taɓa kafaɗata ya ce Malam Haruna, ana jiranka, mota za ta tashi. Wani ya ce ko kuka ne ya hana shi magana, aka ɗan yi dariya.

Na zare hannuna a hankali. Na gode wa jama'a ɗaya bayan ɗaya da sunansu, na ce Allah ya sada mu da alheri. Na ɗauki jakata na rataya, na sa takalmi. Ina jin shiru ya sauka a bayana, sai ƙarar cokali a kofin wani. Yaya ya kira sunana sau ɗaya. Na sauka daga dakalin shagon na nufi mota.

Saƙon tsohuwarsa na kai mata kwana biyu da isowata, hannu da hannu, ba abin da ya ɓace a ciki. Yaya kuwa ya aiko mutane sau biyu, ya kira ƙanena a waya ya ce a yi mini magana, Musulmi ba ya riƙe ɗan'uwansa haka. Limamin garinmu ma ya yi mini magana, na saurare shi har ya gama, na ce na ji. Shekara uku ke nan, ban faɗa ba tukuna.